Mita Goma Sha Takwas

Ƙarfe tara na dare a birnin Pilzen,
ɗakin gwaji ya rage mu biyu,
ni da tsoho Vendelin, sai teburin girgiza
da muka ɗaure wa ƙafar kujerar tarago da kusoshi huɗu.

Sau hamsin a daƙiƙa teburin ke kakkarwa.
Kofin shayina na tafiya shi kaɗai a kan kanta.
Ɗan kunnen ƙarfen da muka manna wa ƙafar
bai fi ƙwayar gyaɗa ba,
kuma abu ɗaya ya sani: ƙarfin fizga.
Ninki goma na nauyi, in ji shi.
Ka tambaye shi ina aka je, sai ya yi gum.

Su kuwa masu aikin, nisa suke so su ji,
ko ƙafar za ta goga jikin tarago.

Na tara fizga, ta haifi gudu.
Na tara gudu, ya haifi nisa.
Layi ya miƙe a allo, ya yi ta hawa ba waiwaye,
wai a minti ɗaya
ƙafar kujera ta yi tafiyar mita goma sha takwas.

Vendelin ya leƙa taga.
"To ai ta fasa bango, Zdislava,
ta wuce rumfar kekuna,
tana can bakin titi tana jiran motar ƙarshe."
Ga ta kuwa a gabanmu, ɗaure tamau.

Ashe sifilin na'urar ba sifili ba ne.
Ya karkace da abin da ido ba ya gani,
ni kuma na yi ta tara shi, na sake tarawa.
Da yayyafi kogi kan cika.

Na cire karkatar, na sa wa lissafin rariya,
jan-ƙafa ya tsaya a sama, kakkarwa ta wuce.
Layin ya sauko, ya kwanta, yana numfashi:
milimita ɗaya sama, ɗaya ƙasa.

Bai ce komai ba.
Ya ɗaure guntun fensir a gefen tebur,
ya kara masa bayan takardar burodinsa,
ya ɗaga ta ga fitila.
Ɗan zane, kamar tsagar farce.
Ya auna. Biyu.

Takardar na aljihun rigata har yau,
da maiƙon cuku a kusurwa.