Daren da Aka Ɗauke Wuta a Agege

Da rana ina gyaran idon waya a Ikeja,
ɗan gilashi, bai kai ƙwayar wake ba,
in goge, in ɗaure, in ce wa mai ita: murmusa mu gani.
Da dare sai in hau saman bene,
bayan tankin ruwan Iya Sikira,
in gyara nawa idon.

Sararin Legas ba baƙi ba ne.
Ja-ja ne, kamar romon da ya kwana,
hayaƙin janareta ya zauna masa, ya miƙe ƙafa.
Tauraron farko da na yi wa guɗa
ya lumshe, ya buɗe, ya fito da tayoyi,
ya sauka a filin jirgi.
Baba Oyewole ya yi dariya har da tari.
Shekara talatin ya yi a jirgin ruwa.
Ya ce, “Tanimu, mai sauri ba naka ba ne.
Nemi wanda ya tsaya.”

Madubin hangen nesan na gwanjo ne, daga Alaba,
ƙafa ɗaya gajera, na tokare ta da gwangwanin madara.
Wata biyu ina ɗaukar hoton duhu.
Ka buɗe idon kyamara, ka ƙirga ashirin,
ban da numfashi,
ban da marin sauron da ke cin wuyanka,
sai jirgin ƙasa ya ratso unguwa,
bene ya yi rawa,
komai ya fito kamar ƙosan da aka taka.

Damina ta ja ƙofar sama, ba ko sallama.
Na zauna ina haddar sunaye a takarda,
Mushtari, Zuhal,
kamar mai koyon iyo a kan tabarma.

Sai wani dare aka ɗauke wuta,
ga mai ya yi tsada, janareta duk sun yi gum.
Na ji kukan gyare a Agege!
Na ɗaga kai: Kaza da ’Ya’yanta,
waɗanda kakata ke nuna min da haɓa.
Ido ya ƙirga shida.
Na ɗauki hoto ɗari, na jera wani kan wani
yadda ake jera ganye a huhun goro,
sai ga kaza ta yi ƙyanƙyasa,
’yan tsaki shuɗɗa, sun fi ƙarfin yatsuna.
Baba ya ce hasken nan ya kamo hanya
tun ba a raɗa wa kakan kakana suna ba,
bai tsaya shan ruwa ko’ina ba
sai a gilashin da na goge da bakin rigata.

Iya Sikira ta hauro da faɗa, wai muna taka mata bututu.
Na ce ta leƙa.
Zuhal ne, ƙwayar gero sanye da zobe.
Ta duba bakin madubin ko na manna hoto,
ta sake leƙawa.
Matar da ba ta taɓa rasa magana ba
ta riƙe ɗankwalinta, ta yi shiru.

Can sai unguwa ta kece da ihu: an kawo wuta!
Yara na tsalle, firji na gurnani,
sama ta koma romo.
A duk faɗin Agege
mu uku ne kaɗai muka yi tsaki.