Tiyon Kawu Arzika

Malam Sahabi ya ja layi a allo,
ya zuba masa ɗigo bakwai kamar kashin awaki,
ya ce, "Sanda uku na ba ku, ba huɗu ba.
Ku rufe min kowane ɗigo,
amma in an haɗa tsawon sandunan
kada a samu wanda ya fi naku gajarta.
Litinin nake son gani, kuma ya yi gudu a na'ura."

Kwana biyu ina gwada kowace hanya,
in haɗa wannan da wancan, in raba, in sake ƙullawa.
Da ɗigo bakwai, lafiya lau.
Da na ba ta dubu ɗari sai na'urar ta cije
kamar jakin da ya hango gulbi,
fanka na huci, caji na tsiyayewa,
wuta kuwa tun Laraba ba ta leƙo layinmu ba.

Ran Asabar na kife ta a kan katifa,
na bi Kawu Arzika fadamar Aliero.
Albasa ta yi kunne, ƙasa na neman ruwa,
inji ya tashi da tari,
tiyo ya kumbura, ya fara fitsari ta wuri bakwai.

Bai yi tsaki ba.
Ya kashe inji, ya miƙar da tiyon a kan kunya,
ya bi shi daga kai zuwa gindi,
kowace huda ya soka mata tsinke a gefe,
yana awo da taƙin hannunsa:
biyu, uku, biyar,
sha uku, sha huɗu,
ashirin, ashirin da uku.

Tsohon tufin babur ne a aljihunsa,
da reza, da zare mai ɗauri uku kacal.

Na ce, "Kawu, a naɗe shi duka mana, a huta,
daga hudar fari har ta ƙarshe."
Ya ce, "Taƙi ashirin da ɗaya? Ɗiyata, robar ubanwa?
Ke hudar kika kallo.
Ni wurin da ad da lahiya nika biɗa."

Ya taka tsakanin biyar da sha uku,
taƙi takwas, ba ko ɗigon raɓa.
Ya ce, "Wanga, bar shi."
Ya taka tsakanin sha huɗu da ashirin,
taƙi shida. "Wanga ma."
Bai ƙara ba, don yanka biyu ke ba da kashi uku,
ko mahauci ya san da haka.

Ya naɗe uku, ya naɗe ɗaya, ya naɗe uku.
Bakwai.
Na ƙirga a zuci: ashirin da ɗaya,
a cire takwas, a cire shida.
Sai na ji tsigar jikina ta tashi
a tsakiyar rana, cikin warin fetur da laka.

Ruwa ya tafi sambal har ƙarshen kunya.
Ya mayar da ragowar robar aljihu
ya ce gobe ma rana ce.

Da dare, a shagon cajin Ɗanlarai,
na share layi tamanin na wahalar banza,
na rubuta tara:
jera ɗigogin daga ƙarami,
auna ratar da ke tsakanin maƙwabta,
ɗauke manyan, ɗaya ƙasa da yawan sanduna,
abin da ya rage shi ne amsa.
Dubu ɗarin nan da suka hana ni barci
kafin in sauke yatsa sun wuce.

Litinin Malam Sahabi ya gyara tabarau,
ya ce, "Hassatu, a wane littafi kika gano wannan?"
Na buɗe baki, na rufe.
Hannuna na kan madannai,
har yanzu da laka a ƙarƙashin farce,
yana warin albasa.