Alli Ya Gajarce

A layin da ke gangarawa bakin teku a Setubal
akwai ƙofa shuɗiya, tebur bakwai,
da baƙin allo jingine da bango.
Ni ke rubuta allon.
Shekara goma sha ɗaya ke nan yatsuna na wayar gari fari fat.

Da can abinci tara nake jerawa,
har rubutu ya gangaro ƙasa yana neman wurin zama.
Yanzu huɗu ne.
Graciete ta ce in ƙara wa haruffa ƙiba
don kada allon ya yi kama da bakin da haƙora suka zube.

Man zaitun ya hau, ya ƙi saukowa.
Kuɗin wuta ya bi sawunsa.
Sai haya ta iso cikin ambulan mai ladabi.
A tsaye ta karanta, ta ninke takardar gida huɗu,
ta tokare ƙafar tebur na uku,
wanda dama can rawa yake yi.

Daren nan, bayan mun kife kujeru,
ta zauna da fensir da farantin kifi guda a ka.
Ta cire kifin, ta cire mai, ta cire gawayi,
ta cire ni, ta cire Amilcar mai gashi,
ta cire rabon hukuma.
Abin da ya saura a tafinta
bai kai kaurin ɓawon albasa ba.
Ta yi dariya har da tari:
"Ashe faranti ne ya ɗauke ni aiki."

Ran Litinin muka daina buɗewa.
Ƙyallen tebur ya koma takarda.
Lemon tsami, da ake yanka shi huɗu, ya koyi zama shida.
Amilcar ya daina sammakon kasuwar kifi,
sai ta kusa watsewa yake zuwa
ya kwaso munanan da manyan otal suka raina,
masu ƙaya, masu turo baki.
Wuta ba ta tambayar kyau, in ji shi.
Kawuna su shiga miya.
Burodin jiya a jiƙa shi da romo da tafarnuwa,
a fasa masa ƙwai,
dabarar da kakarta ta sani tun ba a gina banki a layin ba.

Wani saurayi ya zo da waya a hannu,
ya ce zai kai abincinmu ƙofa ƙofa,
nasa talatin cikin ɗari.
Ta zuba masa miya, ta jira ya shanye,
ta ce ko tsuntsayen teku ba su wawurar haka.
Amma maganar ta kwana a ranta.
Yanzu da sha biyu na yi
ni ne a kan keke da kwano ashirin
zuwa wurin masu gyaran jiragen ruwa.

Abu ɗaya fensir bai taɓa ba.
Tsoho Baltazar, mai ɗinkin koma a da,
yana zama jikin taga, hularsa a gwiwa.
Farashinsa ya tsaya cak
a shekarar da matarsa ta rasu.
Ya sani. Mun san ya sani.
Ba ya duban allon,
sai dai ran Alhamis mu tarar da lemon bishiyarsa
cike da leda a bayan ƙofa.

Yau da safe ta ce,
"Tara ɗin nan, ƙara mata rabi."
Na goge da tsumma.
Ƙarƙashin danshin sai ga takwas,
ga bakwai, ga inuwar shida can ciki,
sun ƙi fita.

Allin ya koma kamar ƙwayar wake.
Na ce, a sayo wani?
Ba ta ɗago daga yankan albasa ba.
"Juya shi," ta ce, "akwai sauran gefe."

Amilcar ya hura gawayi.
Hayaƙi ya riga mu fita layi yana kiran mutane.