Tsawon Haƙori

A unguwar Zariya, bayan masu walda,
akwai ɗaki guda a Maraɗi da ba a shiga da takalmin waje.
Nan injin yake, fari, mai ƙofar gilashi.
Ta Kwatano ya zo cikin akwatin katako
da littafi mai harshen da babu mai ji a layinmu.

Ni yaron Nomau ne. Bana shekarata ta biyu.

Haƙora goma sha biyu gare shi,
kowanne da lambarsa, kowanne da tsawonsa,
amma injin makaho ne, bai taɓa ganin bakin haƙorinsa ba.
Abin da aka faɗa masa, shi ya sani.
Sai mazarinsa ya sauko sannu,
kamar mai laluben matakala cikin duhu,
ya taɓa kan ma'auni, ɗan ƙarfe mai faɗin dala goma.
Ƙit.
Lamba ta hau allo.
Daga nan gaskiyar yini take farawa.

Kwana uku aka yi ana gardamar inda za a kafa shi.
Ilu ya ce kusa da aiki, hanya ta gajarta,
wutar nan ba ta jiran kowa.
Nomau ya tauna goro, ya nuna kusurwar baya ta dama:
"Ba a zaunar da shaida a tsakiyar faɗa."
To, kuɗin Ilu ne suka sayo injin.
Aka kafa kusa.

Ran wata Laraba muna yanka faranti shida
na injin matsar gyaɗar Hajiya Baraka ta Tibiri.
Ɓarɓashi ɗaya, bai kai ƙwayar gero ba,
ya yi tsalle daga yanka ya kwanta bisa ma'auni.
Haƙori na bakwai ya sauko, ya dafa shi,
ya zaci ya iso.
Allo ya rubuta masa tsawon da ba nasa ba,
irin gajeren da ya hau turmi don a ɗauki hoto.
Inji ya yarda, ya yanka sama-sama.
Rabin milimita.
Ni na kwance su, ni na goge, ni na ɗaure a buhu,
ban auna ba, don yunwa ta ce an gama.

Jumma'a suka dawo a bayan kabu-kabu
tare da saƙon Hajiya, wanda ba zan maimaita ba.

Nomau bai ce na faɗa ba.
Ya miƙo mini sufana da ɗan burushi.
Muka cire ma'auni, muka kai shi kusurwar baya
inda ruwan sanyaya ba ya kaiwa,
muka yi masa hula da murfin gwangwanin madara.
Na ce mun gama?
Ya ce, "Shaida ya sake mazauni. Kira su duka su sake rantsuwa."
Ɗaya bayan ɗaya, sha biyun nan,
har aka kira isha'i a masallacin masu taya.

Abin da na koya bayan nan ba ya cikin littafin.
A watan Afrilu, in azahar ta yi,
ƙarfe ma miƙa yake kamar mage,
awon safe ba ya cin kasuwar la'asar.
In wuta ta ɗauke, inji kan manta gidansa,
sai ka maida shi sifili ka bar shi ya tuna.
Haƙorin da ka sake ɗaurewa baƙo ne,
ko jiya kuka rabu.

Ilu har yau bai ce komai ba.
Amma in ya shigo da safe, ya tuɓe takalmi,
kafin ya gaida kowa
yakan zagaya bayan tebur,
ya ɗaga ƴar hular nan,
ya hura.