Warin Hannu

Bayan ɗakin girki, inda tsohon babur ya mutu,
akwai fili taku huɗu, in ka matsa, biyar.
Nan na duƙa da 'yar fartanya wata Asabar,
na tsince ƙusa da kwalba da murfin lemo,
na zuba toka da kashin awakin Jabbi maƙwabcina,
na ce nan ne mazauninki, tafarnuwa.

Daga Wurno irin ya zo, a ƙullin leda.
Inna Ige ta ba wani direba, ya kawo har Mabera.
Saƙonta gajere ne: ɓare da hannu, ban da wuƙa,
bar wa kowane ɗa rigarsa,
tsini sama, gindi ƙasa, zurfin gaɓar yatsa,
kuma kada ka bari sanyi ya tsufa.
Ni ko na bari. Ofis, biki, mantuwa.

Bara ke nan. Sai da Janairu ta raba na binne.
Ganye ya fito kore shar, har na kira mutane kallo.
Zafin Sakkwato bai jira kowa ba.
Da na tona, kowane kai ƙwallo guda,
bai rabu ba, bai yi 'ya'ya ba,
a dunƙule, kamar mai fushi da kowa.

Bana tun farkon Nuwamba na durƙusa.
Layi shida, tazarar tafin hannu.
Na lulluɓe da buntun shinkafa,
na kewaye da tsohon gidan sauro saboda kaji.
Famfo ya yi shiru kwana tara,
na sayi jarka biyu wurin mai kura.
Matata ta tsaya bakin ƙofa tana lissafi:
kuɗin ruwan nan ya sayi tiya a kasuwa.

Gaskiyarta. Ban amsa ba.

Ina aji uku a makarantar kwana
yara suka laƙa mani suna, ba zan faɗe shi ba.
Akwatina wari, bargona wari,
kuɗin makaranta ma wari,
don daga bakin buhu Baba yake ƙirgo su.
Ranar ziyara ya miƙo mani hannu gaban abokai,
na tura nawa cikin aljihu.
Bai ce uffan ba.
Ya ajiye ƙullin ƙuli-ƙuli bisa benci, ya gyara hula.
Shekara talatin da ɗaya,
ban gama kallon wannan juyawa ba.

Albasa ba ta da kunya, tana turo kafaɗa waje
ka ga abin da ka samu.
Ita wannan a rufe take aikinta.
Wata huɗu kana ban-ruwa bisa yarda,
kana cire jiji da farce,
ba ka san me ake ƙullawa a ƙasa ba.
Haka mutumin nan ya yi da ni,
sai dai shi bai kai ranar tonawa ba.

Da ganyen ƙasa ya fara ja, na ɗauke ruwa
kamar yadda Inna ta ce.
Mako biyu ina zagaye fangali hannu a baya.
Yau bayan La'asar na sa yatsa, na ɗaga a hankali.
Ƙanana ne. Ɗan Wurno zai yi dariya.
Amma na murza ɗaya, ya buɗe:
goma sha uku, sun jingina da juna,
kowa da farar rigarsa, ba mai turawa.

Na ɗaure su biyar-biyar, na rataye a inuwar zaure.
Kulu ta dawo daga Islamiyya, jaka na jan ƙasa,
ta kama hannuna, ta kai hanci, ta yatsine fuska.
Ta ce, Abba, hannunka wari.
Na ce, na sani.
Muka shiga cikin gida, tana ta mita,
ba ta saki ba.