Amsar Mota

Kan tudun Valparaiso gidanmu yake,
taga na kallon teku, in ji masu ido.
Ni dai shekara tara rabona
da ganin ko tafin hannuna.

Mota ba ta hawowa layinmu.
A gindin matakala take kwana,
matakala ɗari da goma sha bakwai,
na ƙirga su da sanda, na san mai gurguwar baki.

'Yata Maite nas ce,
ba ta baro asibiti sai dare ya raba.
Ƙarar inji ba ta iso ni, balle ta ƙofa.
Abu ɗaya ke hawo tudun nan ba haki:
ham ɗin nan gajere, ɗit,
in ta danna rimot ta juya.
A nan nake sauke numfashin
da na riƙe tun faɗuwar rana.
Kafin ta gama hawa na yi barci.

Na taɓa tambayar Baltasar bakanike,
me ya sa ƙarfe ke magana in an kulle shi?
Ya ajiye sifana ya ce, Don Eleuterio,
mai rimot baya yake ba motarsa.
Ya danna yana tafe, hannu da ledoji,
bai ji shigar sakata ba, bai ga fitila ba,
wa zai gaya masa saƙo ya isa?
Ham ɗin nan "na ji" ne kawai.
In kuwa ƙofa ɗaya ba ta kama ba,
wata motar gum take yi,
shirun ne zai juyo da mutum.

Na ce, ashe ta fi wasu 'ya'yan ladabi.
Ya yi dariya har da tari.

Sai Ximena, mai gidan gindin matakala,
ta haihu.
Goyon wata biyu, barcinsa kamar na zomo.
Ta maƙala takarda a gilashin motar,
ba zagi, roƙo ne, kuma da gaskiyarta.
Maite ta kai wa Baltasar,
cikin minti biyar ya ɗaure wa motar baki,
ya bar mata ƙiftawar fitila.

Ba wanda ya gaya min.
Wa zai yi zaton makaho na da hannun jari
a ham ɗin mota?

Daren nan agogo ya buga ɗaya.
Iska, kare, jirgin ruwa can nesa.
Ɗaya da rabi.
Na tuna kwanar nan ta bayan kasuwa
inda manyan motocin tasha ke sheƙo gudu.
Na laluba kwat, na sa a bai-bai,
na ɗau sanda na fita da silifas.

Ɗaya, biyu, goma, ashirin,
ƙarfen dafawa sanyi kamar ƙanƙara.
A ta arba'in da uku, mai gurguwar baki,
na yi karo da warin maganin asibiti.
Baba! Ina za ka?
Na ce, motarki ba ta yi magana ba.

Ta yi shiru. Na ji ta zauna a matakalar.
Ashe aiki ne ya riƙe ta,
wani tsoho ya ƙi cikawa, ya ƙi farfaɗowa.
Ta ce, shekara nawa kana saurare?
Na ce, tun da kika sayi motar.
Ta ce, ni kuwa takalmi nake cirewa a ƙofa
don kar in tashe ka.

Jaririn Ximena na ta barcinsa yanzu.
Motar ta zama kurma, sai ƙifce.
Maite in ta kulle, waya take cirowa,
ta yi min filashin, ƙara ɗaya, ta katse.
Na lalubi babban madannin
da ta liƙa wa filasta don yatsana ya gane,
in mayar mata da ɗaya.

Ba ta taka matakalar farko, in ji ta,
sai ta ji aljihunta ya motsa.