Tambaya ta Bakwai

A kwaleji a Rano, Malama Hakama ta ce:
"Ku zauna ƙasa da wanda kuke tambaya.
Kar ku dubi agogo. Kar ku ƙarasa masa magana."
Na rubuta, na ja layi biyu a ƙarƙashi,
na ci saba'in da huɗu a jarrabawa.

Da lokacin koyon aiki ya zo, aka turo ni garinmu
da takardu arba'in a jakar leda
da biro biyu, ɗaya ba ya rubutu.
Baba ya ɗago kai daga kan buhun gyaɗa:
"To, likita kika zama?" A'a.
"Ungozoma?" A'a, Baba.
"To me ake kiran abin da na sayar da tunkiya dominsa?"
Na ce, aikin jin daɗin jama'a.
Ya ce, "Jama'a dai," ya ci gaba da ɓara.

Gidan Sallau mai igiya ne na farko.
Shi ya tuƙa igiyar gugarmu tun ina goye.
Yanzu yatsun sun ƙage,
ramar na jibge a zaure, gara ta fara ci.
Na zauna ƙasa, yadda aka koya mini.
Tambaya ta bakwai: sau nawa ake cin abinci a rana?
Akwati uku ne, ɗaya, biyu, uku.
Ya ce, "Alhamdu lillahi."
Na sake, a hankali.
Ya ce, "Ke 'yar Nomau, alhamdu lillahi."
Takarda ba ta da akwatin wannan amsa.

Ban dubi agogo ba, murhu na duba.
Kaza ta yi wanka a tokar, ta bar gurbinta,
gizo-gizo ya yi saƙa a bakin tukunya.
Na kame bakina
har la'asar ta sauko kan danga.
Can sai ya ce, kamar da akuyarsa yake:
"Tun da Kande ta rasu, maƙwabta ke miƙo kwano.
Da dare.
In sun tuna."

Na sa alama a akwatin farko,
biron ya huda takarda.

A hanya, gindin tsamiyar mahauta,
na buɗe jerin gidajen gobe.
Na sha tara: Nomau ɗan Cindo.
Na san abin da Inna za ta ce,
za ta faɗa tana gyara ɗankwali.
Na san damin da ya rage a rumbu,
na san igiyar tunkiya na nan rataye a turke,
Sallau ne ya tuƙa ta.

Malama, wannan darasin a wane zango yake?
Gobe da hantsi zan yi sallama a ƙofar gidanmu,
in nemi wuri a ƙasa in zauna.